Kansilan Kwata da Mutanensa

A kusan kowace mazaɓa akwai wani bawan Allah, yawanci malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti, wanda ya gaji da yashe kwata shi kaɗai, har abokai suka zuga shi: "Wallahi kai ka dace da kansila." Shi ke nan, sai ya je ya bugo fasta. Inda sauran 'yan takara ke rubuta "Ruwa, Wuta, Aikin Yi", shi sai ya rubuta "A daina zuba shara a magudana". Kafin sati ya zagayo unguwa ta raɗa masa suna Kansilan Kwata.

Abin dariyar, shi kaɗai ne ya karanta aikin da yake nema. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gyaran magudanan ruwa, kwashe shara, banɗakunan jama'a, kasuwanni da maƙabartu. Babu inda ya ambaci kujerar Makka ko samo wa yara aikin kwastan. Amma je ka faɗa wa mutanen da zai ci karo da su.

Wanda zai fara tare shi a bakin layi shi ne Sai-Ka-Yi. Tun daga nesa zai ɗaga hannu: "Honorabul! Sai ka yi! Ba gudu ba ja da baya!" Maƙogwaro ya bushe da kirari, sai ya nemi na ruwa. A ba shi, ya sayi fiya wata, ya fasa da haƙori, ya zuƙe, ya wurga ledar cikin kwatar da ake magana a kanta, sannan ya ci gaba: "Muhalli dole!" Da la'asar za ka gan shi a bayan motar abokin hamayya, da muryar nan tasa ba ta ko dishe ba.

Daga nan sai zauren Dattijon Jam'iyya, don a Najeriya babu takarar kai-da-kai, dole sai jam'iyya ta tsayar da mutum. Dattijon zai saurari bayanin leda da ambaliya yana jan carbi, idonsa a lumshe. In an gama ya buɗe ido ɗaya: "Ɗana, magana ta yi kyau. To, wa ya turo ka?" In yaro ya ce jama'a ce, sai ya yi murmushin tausayi. Shi ya san lissafin da ba a koyarwa a makaranta: a zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 26 ga Oktoba 2024, NNPP ce ta kwashe shugabanni 44 da kansiloli 484, ba ta bar ko ɗaya ba, kuma haka jam'iyyar gwamna ke yi a yawancin jihohi. Wato zaɓen gaskiya a zauren nan ake yin sa, da sunan maslaha. Hukuncinsa kullum ɗaya ne: "Ka yi haƙuri, kai yaro ne, zagaye na gaba naka ne." Akwai masu furfura a unguwar da har yanzu suke jiran zagayen nan.

Alhaji Mai Shago kuwa mai goyon baya ne ɗari bisa ɗari, har aka zo kan batun shagunansa uku da ya gina a kan hanyar ruwa. Duk damina ruwa na shiga gidajen maƙwabta, shi kuma ya zo jaje da babbar riga yana cewa a rungumi ƙaddara. Gaskiya ne, amma sumintin da ya toshe lambatun da kuɗinsa aka saye shi.

Sai Hajiya Shugabar Mata, wadda ni ina ganin ta fi kowa hankali a jerin nan. Ta tara mata a tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, kowa na jiran atamfa, taliya da sabulu kamar yadda aka saba. Sai ga ɗan takara an sauke masa dashen dalbejiya hamsin a baƙar leda. Shiru ya ratsa gidan. Hajiya ta ɗaga guda ɗaya, ta juya shi sama da ƙasa, ta ce, "Ɗan nan, wannan a miya ake sa shi?" Da zogale ya kawo da an rabu lafiya. Da ya shiga wa'azin sare itatuwa da illar gawayi, sai ta dakatar da shi: "Na ji. Gas ya fi ƙarfinmu, kananzir ya zama turare, wutar lantarki sai an ga dama. Da me zan dafa wa yara tuwo, da fastarka?" Nan bakin Kansilan Kwata ya mutu, kuma ya kamata ya mutu. Duk mai son hana gawayi a unguwar talakawa, ya fara zuwa da murhun da zai maye gurbinsa.

Akwai Masanin Facebook. Ya san Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Ya san Wangari Maathai ta shiga majalisar Kenya a 2002, ta karɓi kyautar Nobel a 2004 saboda fafutukar kare muhalli, dimokuraɗiyya da zaman lafiya. Zai rubuta shafi guda yana yabon ɗan takara, ya kira shi fatan matasa. Katin zaɓensa yana can wata jiha inda ya yi bautar ƙasa.

Ɗan uwansa shi ne Mai Jiyo Ƙanshin Dala, wanda ba zai taɓa yarda mutum na yashe kwata don Allah ba. Zai ja ɗan takara gefe, ya rage murya: "Tsakaninmu, nawa Turawan suka turo? A sa ni a kwamiti."

Abokin hamayya, da ya ga zancen muhalli ya fara shiga kunnen mutane, shi ma sai ya zama ɗan muhalli na yini ɗaya. Zai zo da farar shadda da masu hoto huɗu, yaro ya haƙa ramin, shi ya riƙe butar ruwa yana kallon kyamara. Ba keji, ba mai ban ruwa. Kafin hoton ya gama yawo a waya, akuyar maƙwabta ta karya kumallo da bishiyar.

Wanda ba a taɓa gayyata taro ba shi ne ɗan bola-jari. Da buhu a kafaɗa da maganaɗisu a hannu, yana tsince roba, gwangwani da ƙarfe tun asuba, ya kai a auna a biya shi. Abin da yake raba unguwa da shi a sati guda ya fi na kwamitin tsafta a shekara. Bai san kalmar muhalli ba, kuma in ya matso kusa da taron, shi ake kora kada ya ɗauke kujera.

Shi kansa gogan ba a bar shi a baya ba. Mutumin da ke yaƙi da ƙazanta ya lulluɓe katangar makarantar firamare da fastocinsa, ruwan farko ya wanko su, suka tafi suka toshe kwatar. Ranar taronsa an sha fiya wata buhu ashirin, washegari shi da ƙannensa suka share filin, abin da dai babu wani ɗan takara da ya taɓa yi a unguwar.

Ba zai ci ba, kowa ya sani, har shi. Amma da ruwan Agusta ya sauka, Sai-Ka-Yi da Alhaji Mai Shago da Dattijon Jam'iyya ƙofarsa za su buga, don kansilan da aka zaɓa ya tashi daga unguwar, wayarsa kuma ba ta shiga. Ni dai in jam'iyya ta tsayar da shi zan dangwala masa, ko da daga ni sai Hajiya.