Milimita Sifiri

Likita ne ya ce in rage tumbi, ɗan ƙanwata da ke karatu a Sakkwato kuma ya ƙarasa ni da ilimi.

"Kawu, sirrin gudu yana tsakanin dunduniya da yatsu," in ji shi. Wai kambas na yau da kullum dunduniyarsa ta ɗara gabansa tudu da milimita 8 zuwa 12, amma na gwanaye shafal yake, sifiri. Ya kafa mini hujja da Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun famfalaƙi a Rum a 1960 ba ko silifa a ƙafarsa.

Ranar kasuwar Talata Mafara na ari awon tela na shiga layin 'yan gwanjo, ina auna gindin takalmi ɗaya bayan ɗaya. Mai rumfar ya zuba mini ido har ya gaji.

"Alhaji, mu dai ƙafa muka san ana aunawa."

Daga ƙasan buhu ya zaƙulo wani mai gidan yatsu biyar, kamar safar hannu, wanda ya shekara ba mai taya shi. Da ya ga idona ya yi haske, nan take kuɗinsa ya ninka.

Da asuba na hau gefen magudanar ruwan Bakolori na zuba a guje. A yankinmu kuwa, in aka ga dattijo mai furfura yana gudu da duku-duku, ba a tsayawa tambaya. Manoman shinkafa suka yar da fartanya suka biyo ni, wani har da akuyarsa a kafaɗa. Tsidau ne ya tsayar da mu duka: ya huda tafin takalmin ya same ni a inda nake zaune lafiya.

"Malam, su waye?"

"Tumbi ne," na ce, ina haki.

Washegari sha-raɓa da agara suka ɗaure tamau, don takalmi shafal su yake ɗora wa nauyin da tudun dunduniya ke ɗauka. Sallar asuba a zaune na yi ta.

Na kira masanin a waya.

"Ai Kawu, a hankali ake sabawa, sai an yi watanni."

"To shi Bikilan naka fa?"

Ya yi shiru, sannan ya ce a Tokyo a 1964 ma shi ya ci, har ya fi sauri. Amma da takalmi.