Masu Sayen Yadi a Bazara

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin ƙasar Kano ke taɓa digiri 40, mai shagon yadi a Kiru ko Bebeji ba ya neman wani abin kallo, masu shigo masa sun ishe shi. Ga shi 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah a bazara take faɗowa, 10 ga Afrilu a 2024, 30 ga Maris a 2025, sai zafi da azumi da ɗinki suka haɗu wa mutane lokaci guda.

Akwai Alhajin gezna. Ka nuna masa boyel mara nauyi wanda iska ke ratsawa, sai ya yatsine fuska ya ce, "Wannan ai labule ne." Shi shadda yake so mai maiƙo, wadda in ya motsa take ƙara kamar akuya ta shiga busasshen kara. Yadi goma, babbar riga da 'yar ciki da wando, aiki har cibiya. Washegarin Sallah za ka same shi a Kwanar Ɗangora yana jiran mota, gumi ya jiƙa masa gadon baya sharkaf, yana fifita da hannun riga. Ka ce, "Ranka ya daɗe, sannu da zafi," ya dube ka ya ce, "Wane zafi?"

Sai Hajiya mai bincike, wadda ta fi kowa cin lokaci. Turmin atamfa yadi shida ne, to sai an warware mata shi kaf. Ta murza gefe, ta ɗaga wa rana, ta shinshina, ta lashi ɗan yatsa ta goga a kan fure, sannan ta duba yatsan kamar mai neman ƙaya. "Yaro, ka ji tsoron Allah, Holan ce ko 'yar China?" Yaron ya rantse ko kwana bakwai ta jiƙa ta a madatsar Tiga ba za ta zuba ba, alhali da shi da ita sun san yawancin abin da ake sarowa daga Kantin Kwari yanzu daga China yake fitowa. Ni dai ban ga laifinta ba. Matar da ruwan farko na damina ya taɓa kamawa a hanyar gidan biki, jan zani ya rina mata farin mayafi, dole ta zama haka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma sai ya gudu. Bayan turmi goma sha biyu sun baje a ƙasa sai ta gyara mayafi ta ce, "Bari in zagaya in dawo." Yaron ya fara ninki, ya san sai baɗi.

Budurwa mai waya ba ta taɓa kaya. Hoto take miƙowa, wata amarya ce a TikTok, ita kuma irin wannan zanen take so, ba mai kama da shi ba. In an samo, ta ce a waya ya fi haske.

Uwar anko ita ke zaɓar wa mata arba'in abin da za su sa, kuma da farar da baƙar, da siririyar da mai jiki, duk launin da ya karɓi fatarta za su shiga. Leshi mai duwatsu ta ɗauko a tsakiyar Afrilu. Ranar kamu kowa na sosa wuya tana murmushi, zagin sai an koma gida.

Manomin shinkafa na Tudun Wada tambayarsa ɗaya ce: "Yana ɓoye datti?" Fure da zane ba su dame shi ba, a ba shi ruwan ƙasa ko ruwan toka, mai jure wanki, wanda zai kai shi kaka. Sai dai fa in ya sayar da amfani, shi ne Alhajin geznan baɗi.

Mutumin Riruwai kuwa, daga can cikin duwatsun Doguwa bayan dajin Falgore, ko a bazara yadi mai kauri yake taɓawa, wai garinsu da sanyi. Gaskiyarsa ce, amma bikin da zai sa kayan a cikin birnin Kano za a yi shi.

Ni da nake wa mutane dariya farin yadin auduga na saya, sakayau, na kai wa tela tun farkon azumi, ya ce, "Yallabai, jibi war haka." Yanzu gero ya kai gwiwa, kuma jiya da na leƙa shagon na tarar da yadina an lulluɓe keken ɗinki da shi saboda ƙura.