Amanar Wa Aka Ci?

Barebarin Lafiya, na san halinku. Tun da Mai Martaba Sidi Bage ya baro Kotun Ƙoli ya hau gadon sarauta a 2019, kowane mai sayar da doya a garin nan ya zama lauya. To, ku gyara zama, Bafillace ya kawo muku shari'a.

A Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kakanninmu na Runduna ta 81 da ta 82 ke fama da Japanawa a dazukan Bama, wasu sojojin Indiya da aka kama a Singafo sun juya wa Ingila baya, suka bi Subhas Chandra Bose, suka yi yaƙi a ɓangaren Japan. Da ƙura ta lafa, a Nuwamba 1945, Turawa suka gurfanar da hafsoshinsu uku gaban kotun soja a Delhi: Shah Nawaz Khan, Prem Sahgal da Gurbaksh Singh Dhillon. Laifinsu, wai sun ɗaga wa Sarkin Ingila makami.

Na ji wani yana cewa, "Maciya amana ne, a rataye su kawai!" Sannu, alƙali. Amanar wa suka ci? Lauyansu Bhulabhai Desai ya ce mutanen da aka mallake suna da haƙƙin yaƙin ƙwatar kansu, kuma waɗannan sojoji ne na gwamnatin da Bose ya kafa a 1943, wadda Japan da ƙawayenta suka amince da ita. Nehru, jigon masu neman 'yancin Indiya, da kansa ya kakkaɓe tsohuwar rigarsa ta lauya ya shiga sahun masu kare su.

Ga kuma wautar Bature: ya zaɓo Musulmi ɗaya, Hindu ɗaya, Sikh ɗaya. Mutanen da ba sa ga maciji sai ga su a titi ɗaya suna zanga-zanga.

Kotu ta yanke musu kora daga ƙasa ta har abada. Kada ku yi saurin tafi. A Janairu 1946 babban kwamandan sojan Turawa a Indiya, Auchinleck, ya soke hukuncin korar, aka sake su, don baƙon da ya fara ɗaure kayansa ba shi da bakin hukunta 'yan gida. A Agusta 1947 Indiya ta sami 'yancin kai, shi kuma Shah Nawaz daga baya har minista ya zama.

Mai musu ya je fada ya ɗaukaka ƙara. Amma ya tafi da goro, kuma kada ya ce ni na aiko shi.