Yadda Na Mai Da Dangina Ruwan Toka

A gidanmu duk wanda ya sayi kyamara ya zama mai hoton dangi, ko ya so ko ya ƙi. Don haka da aka sa ranar bikin ƙanwata ba wanda ya nemi shawarata. Gwaggo ce kawai ta aiko cewa in zo da "na'urar nan taka", kuma in tabbatar anko ya fito. Ankon kuwa atamfa ce ja jawur mai ratsin ruwan ƙwai, wadda sai da aka kusa raba zumunci kafin a tsayar da ita.

A lokacin ina ji da kaina, don na sha karatu wurin malaman YouTube. Su suka ce mai son bidiyonsa ya yi kama da fim ya ɗauka da tsarin launi da ake kira Log. Kowane kamfani da nasa: Sony na da S-Log, Canon na da C-Log, Panasonic na da V-Log. Aikinsa ya matse haske da duhu wuri guda, don kada farar shadda ta ƙone, kada inuwa ta toshe, daga baya a zauna gaban kwamfuta a maido da launi. Wannan "daga baya" ɗin suka faɗa a gurguje, daidai lokacin da na tashi zuba shayi.

Ranar kamu na rataya kyamara ina ta ba da umarni, wannan ta matsa, waccan ta ɗaga kai. Da daddare na tura guntun bidiyo zauren dangi na WhatsApp, na gyara zama ina jiran yabo.

Kawu ne ya fara magana: "Subhanallahi, amarya ba ta da lafiya ne?" Na sake buɗe bidiyon. Kowa ya koma ruwan toka. Lallen da aka wuni ana zana wa amarya ya dushe, jan anko ya zama ruwan ƙasa. Sai ga kiran Gwaggo.

"Kai ɗan nan, wa ya koɗar mana da atamfa?"

"Gwaggo, ai salon fim ne."

"To mu ba fim muka aurar ba. Ka maido mana da janmu."

Na kwana ina ɗora wa bidiyon LUT, wato teburin da ke juya Log zuwa Rec.709, launin da talabijin ya saba da shi. Nan na tarar kyamarata mai bit 8 ce, matakai 256 kacal take riƙewa a kowane launi, alhali mai bit 10 tana riƙe 1024. Da na ja launin da ƙarfi sai bango ya yi layi-layi, fuskoki suka yi dabbare-dabbare.

Daren dina na ce yau za su ga ja. Na murɗa zuwa Vivid, mai ƙara wa kowane launi kuzari. Ma'aunin fari kuwa yana nan a 5500, na hasken rana, alhali fitilun zauren masu ɗumi ne, wajen 3200. Anko dai ya fito, har ya wuce gona da iri. Washegari uwar ango ta aiko a tambaya ko al'adarmu ce a shafa wa baƙi manja kafin a ɗauke su hoto.

Ashe a wannan zauren akwai wani dattijon mai hoto da dangin ango suka ɗauko, da tsohuwar kyamararsa duk ta goge. Na gan shi tun farko ya zaro farar takarda daga aljihu, ya ɗaga ta ƙarƙashin fitila ya ɗauka, har na yi masa dariya a zuci. Da na same shi daga baya sai ya ce, "Yaro, takardar nan ce ke gaya wa kyamara mene ne fari a ɗakin. Ni Standard nake sawa, in launi ya yi yawa in koma Neutral. Fuska nake duba, ba riga ba. In fata ta fito daidai, sauran za su biyo." Ya ƙara da cewa ya fi ɗaukar hoto da RAW, don a nan launi bai daskare ba kamar a JPEG, ana iya gyara fari bayan an koma gida. Hotunansa ne yanzu rataye a falon amarya.

Saboda haka mai karatu, in an damƙa maka bikin dangi, sa Standard ko Neutral, ka auna fari da fitilar wurin, ka duba fatar mutane kafin ka danna. Log kuwa a bar wa mai bit 10 da lokacin zama gaban kwamfuta.