Yadda Na Goge Wa Kakana Tsagar Gobir

Daga nesa ake gane Bagobiri: tsaga shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Gobirawa suka watsu, wasu Tsibiri a ƙasar Nijar, wasu daga baya Sabon Birni, amma tsagar ba ta bar kumatu ba. To, abin da yaƙi ya kasa, ni na yi shi da yatsa ɗaya.

Gwaggona da ke Isa tana da gwangwanin madara cike da tsofaffin negatif na gidanmu, ciki har da na Kaka, baƙi da fari, wanda wani mai hoto ya ɗauka ranar kasuwa. Ganin yadda rashin tsaro ke sa mutane tashi ba shiri, sai ta ce a mayar da su cikin waya. Wa za a ba? Ni mana, tunda ni na saka wa kowa WhatsApp a gidan, har ake kirana injiniya ina amsawa.

Na aro sikana a Sakkwato, irin mai fitila a murfi, don fim sai haske ya ratsa shi. Lokacin hunturu ne. Hoto ɗaya a fim ɗin 35mm bai wuce milimita 24 da 36 ba, saboda haka idan aka faɗaɗa shi, ƙurar da ido bai gani ba takan fito fara fat. Kaka ya bayyana a allo kamar an watsa masa garin rogo. Injiniya ya ciro fim ya goge da bakin riga. Ƙura ta tafi, ƙarzuwa ta zo ta zauna.

Sai na ga wurin zaɓen ɗigo a kowane inci, na kai shi 6400, wai babba ya fi kyau. Janareto na shan fetur, sikana na rarrafe, hoton kuwa bai ƙara komai ba sai nauyi. Ashe 2400 ma na ba da kusan megafiksel 8, wanda ya isa a buga a rataye a zaure.

Akwai maɓallin cire ƙura da ke aiki da hasken infirared. A fim mai launi abin sha'awa ne, domin hasken na wuce rinin ya tsaya kan ƙura kaɗai. Amma fim baƙi da fari da azurfa aka yi shi, azurfa kuwa tare hasken take yi, sai manhaja ta ɗauki Kaka gaba ɗayansa a matsayin ƙura. Rawaninsa ya narke ya haɗe da bango.

Ban karaya ba. Na koma ga ɗayan maɓallin, wanda ke bin hoton da kansa yana farautar siraran layuka yana cikewa. Na ja shi har ƙarshe. Ƙarzuwata ta ɓace, fuska ta yi sumul, na tura a zauren iyali ina jiran yabo.

Saƙon murya ya fara shigowa. Gwaggo ce.

"Kai ɗan nan, wanga wane na? Wanga ba babanmu na ba! Ina tsagatai?"

Na duba. Goma sha uku cif, babu ko ɗaya. Manhaja ba ta san aska ba, ba ta san wanzami ba, layi kawai ta gani ta share. Wani abokina Bayarabe, taubashi kuma, da labari ya kai masa, cewa ya yi in kawo sauran dangi a wanke su kyauta.

Gyaran bai da wuya: a riƙe fim ta gefe, a hure shi da abin hura iska na roba, a kashe duk wani gyaran kai-da-kai, a ajiye a TIFF, sannan a bi ɗigon ƙura ɗaya bayan ɗaya da hannu. Haka na yi, Kaka ya dawo da tsagarsa, da ƙarin guda ɗaya a goshi wadda bakin rigata ya yi masa.

Gwaggo dai ta karɓe gwangwaninta. Yanzu yana hannun jikarta 'yar aji uku a sakandare.