Tun da turmi ya yi shiru a Bolari

Mu matan Bolari, in mun haɗu a gidan suna ko wurin biki, ba a gama gaisuwa sai an taɓo gwiwa. "Adda, ya ƙafar?" "Da sauƙi, sai dai sanyin nan." Mai zama sai ta dafa bango, mai tashi sai ta ce a miƙo mata hannu, kuma da yawansu ba su cika hamsin ba. Sallah a kan kujera, wadda a da sai tsohuwa tukuf, yanzu har mai goyo tana yi. Komai mun ɗora wa sanyi: sanyin ƙashi, sanyin haihuwa, sanyin siminti. Ni dai ban yarda sanyi ne kaɗai ke cin mu ba.

Mu ne kuma masu yabon ƙiba. "Kin murje, kin yi kyau, lallai maigida yana ƙoƙari." Amarya ta yi wata uku a ɗaki ba ta ciko ba, dangi sun fara tambayar ko lafiya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna mata 28 cikin kowane 100, daga shekara 15 zuwa 49, nauyinsu ya wuce yadda ya kamata, kuma abin ya fi yawa a birni. Duk da haka 'yan matanmu suna sayen ƙwayar sha-ka-fashe a kemis don a ce sun yi jiki. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan dexamethasone ne, maganin da likita ke bayarwa da awo, wanda in aka daɗe ana sha yake kumbura fuska da ciki, ya zaizaye ƙashi ta ciki. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, don yarinya ba za ta ga ɓarnar ba sai bayan shekaru.

Ku tambayi goggonninmu yadda wuninsu yake a da. Surfe da asuba, daka, niƙa a dutse, jan guga a rijiya, tulu a ka, sannan tafiya Tsohuwar Kasuwa a ƙafa a dawo da kaya. Ba kewar wahala nake yi ba. Injin niƙa rahama ne, mai kurar ruwa ya huce mana gajiya, Keke Napep kuma ya rage mana zafin rana. Amma aikin ya bar gidajenmu, tuwon bai ragu ba, ga taliya da lemon kwalba sun ƙaru. Daga ɗaki zuwa madafi, daga madafi zuwa tabarma, waya a hannu. Ko unguwar da ke bayan layi sai an tsayar da keke.

Abin da ya tafi tare da taɓarya ya fi ƙona kitse. Masana sun gano cewa tsoka ba ja da saki kawai take yi ba. In tana aiki, tana zuba wasu sinadarai cikin jini masu kai saƙo ga hanta da kitse da ƙashi. Wata likita 'yar Denmak, Bente Pedersen, ita ta yi fice a wannan bincike tun wajen 2003. A 2012 ɗakin binciken Bruce Spiegelman a Boston ta Amurka ya bayyana ɗaya daga cikinsu, airisin, wanda tsoka ke fitarwa in an motsa jiki. A 2015 masu bincike a Jami'ar Bari ta Italiya suka yi wa ɓeraye allurarsa kaɗan-kaɗan, sai ɓawon ƙashinsu ya ƙara kauri da ƙarfi. Har yanzu ana muhawara kan yawan aikinsa a jikin mutum. Akwai kuma mayostatin, wanda aka gano a 1997, shi kuma taka wa tsoka birki yake yi kada ta girma, kuma aikin ƙarfi yana rage shi. Ke nan tsokar da ke zaune ta daina aika wa ƙashi saƙon gini.

Ƙashi kuwa abu ne mai rai. Kamar katangar laka yake, damina na zaizaya, masu gida na yaɓe. Kullum akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsoho da masu gina sabo, kuma maginan ba sa tashi aiki sai sun ji tsoka na jan ƙashin, ƙafa na dukan ƙasa. Likitan Jamus Julius Wolff ya rubuta haka tun 1892. 'Yan sama jannati da ke shawagi ba nauyi suna asarar kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙashin ƙugu duk wata. Mace kuma in al'ada ta ɗauke, sinadarin estirojin da ke tsare ƙashinta yana faɗuwa, rushewa ta fi gini sauri.

Nan ne wata za ta ce, "To ai ni nauyina ma ya ishe ni ɗauka." Da gaskiyarta ta wani ɓangare, har likitoci sun daɗe suna ganin ƙiba na kare ƙashi. Sai wani babban bincike kan dubban mata da suka daina al'ada a ƙasashe goma, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna masu ƙiba ma suna karyewa kamar kowa, har sun fi yawan karaya a idon sawu da cinya. Nauyi ya yi yawa, tsokar da za ta riƙe shi ta yi rauni, santsi kaɗan a bakin famfo sai ga mutum wajen mai ɗori. Kitse kuma yana ɓoye bitamin D, wanda jiki ke samu daga rana don ya sha kalsiyam, mu kuwa daga ɗaki sai cikin keke.

Kuskuren da na fi gani a unguwa shi ne auna motsa jiki da sikeli. Mace ta yi sati uku tana zagaye, ta hau sikeli a asibiti ta ga kilo bai motsa ba, ta ce aikin banza ne ta bari. Alhali tsoka ta riga ta fara aikinta, sukari na shiga inda ya kamata, ƙashi na karɓar saƙo. Shi ƙashi watanni yake ɗauka. A Ostareliya, a binciken da aka buga a 2018, an sa mata masu raunin ƙashi da suka daina al'ada ɗaga ƙarfe ƙarƙashin kulawa, minti 30, sau biyu a mako, har wata takwas. Ƙashin bayansu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin ɗari, na waɗanda suka yi motsi mai sauƙi a gida kuwa ya ragu. Mafi muni shi ne rage ƙiba da yunwa ko shayin rage tumbi ba tare da motsi ba, don tsoka da ƙashi suna zubewa tare da kitsen.

Na san abin da ke hana mu. Filin wasa na Pantami maza ne suka cika shi, kuma matar aure ta fita tana sassarfa a titi, kafin azahar labari ya zaga Bolari. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2020 minti 150 na motsa jiki ta ce a mako a ƙalla, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Minti 30 ke nan sau biyar, kuma tsakar gida ta isa. A zauna a kujera a tashi ba dafawa, sau goma, a huta, a sake. A ɗaga galan mai ruwa. A tura bango da hannu biyu. A fito da turmi a daka yaji da daddawa da hannu. A raka yara Islamiyya a ƙafa, a biyo ta gidan Goggo a gaishe ta. Maƙwabta uku ko huɗu in suka sa lokaci bayan asuba, kafin rana ta yi zafi, kunya na raguwa, kuma wadda ta makara za a aika yaro ya buga mata ƙofa. Maigidan da ke sayen maganin shafawa duk wata, ya kamata ya zama na farkon cewa "tashi ki je."

Abin gina ƙashin ma yana ƙofar gida. Ƙasar nono muke, kindirmo na shigowa gari kullum da safe, ga zogale, ga kuka, ga riɗi, ga ƙananan kifi da ake ci da ƙaya. Wadda ke da hawan jini ko ciwon sukari, ko gwiwarta ke kumbura, ko ta taɓa karyewa daga ƙaramar faɗuwa, ta fara zuwa Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ta ce a haɗa ta da likitocin gashi da motsa gaɓoɓi su nuna mata inda za ta soma. Wadda kuma ta daɗe tana shan sha-ka-fashe kada ta yanke shi rana ɗaya, don hakan na da haɗari. Ta tafi da kwalin a hannu, likita ya rage mata shi a hankali.