Yadda Mace Za Ta Samu Mai Yi Mata Saisaye

An daɗe da raba kan ɗan Adam tsakanin masu sana'a uku a ƙasar Hausa, kuma kowa ya san iyakar gonarsa. Wanzami da askarsa, aikinsa ya kwashe duk abin da ya tarar. Mai kitso da kibiyarta, aikinta ta tattara abin da Allah Ya bayar ta kitse shi, ko shuku ko kalaba. Mai salun ta zo daga baya da man miƙar da gashi da injin busarwa. Ranar da aka yi rabon ba a gayyaci macen da gashinta ke murɗewa, take so a rage mata shi ya tsaya gajere daidai wa daida ba. Duk wadda ta wayi gari da wannan buƙata, ta sani babu ofishin da za ta kai kuka.

Sai an fara fahimtar halin gashin kansa. Ramin da gashi mai murɗewa yake fitowa a lanƙwashe yake, silin kuma a ɗan baje yake maimakon zagayayye, shi ya sa yake nannaɗewa. In aka jiƙa shi aka taje, sai ya miƙe ya nuna tsawon da ba zai riƙe ba. Da ya bushe sai ya koma gida, wani ma ya janye fiye da rabin tsawonsa. Mai salun kuwa a jiƙe take awo. Za ta ja shi da yatsu biyu, ta ce "kaɗan kawai zan taɓa, Hajiya," ta datse. Bayan injin ya gama aikinsa za ta juyo da ke gaban madubi ta ce, "Ma sha Allah, fuskarki ta fito." Gaskiya ta faɗa, tunda babu sauran abin da zai tare ta.

A Amurka, Andre Walker, mai gyara wa Oprah Winfrey kai, ya kasa gashi aji huɗu a shekarun 1990, daga mai santsi zuwa mai tsananin murɗewa. Akasarin kawunanmu a aji huɗu suke. Ilimi ne mai kyau, amma kada ki gaya wa mai kitso cewa gashinki aji huɗu yake, don za ta tambaye ki a wace makaranta.

Ita mai kitso ba mugunta gare ta ba, aƙida ce. Da kin ce a rage, za ta ajiye kibiya ta kalle ki. "Lafiya, Anti? Ciwo kika yi? Ƙwarƙwata ce? Maigidan ya sani?" Daga nan sai wa'azi: ga mata can suna zuba kuɗi a garin chebe na Chadi da man karkar don gashi ya sauko gadon baya, ke kuma Allah Ya ba ki kina neman kai da shi. Almakashinta na yanke zare ne. Ma'aunin rage gashin mace ɗaya ta yarda da shi, gwargwadon gaɓar yatsa, shi ma sai an je aikin Hajji ko Umara.

Wanda ya fi kowa sanin gajeren gashi mai murɗewa shi ne mai shagon aski, domin tun safe har dare shi yake yi. Kilifarsa, wadda Leo Wahl ya yi wa rajista a 1921, ba ta awo da ido, tana da takalma masu lamba. Lamba ɗaya tana barin milimita 3, lamba biyu milimita 6, lamba huɗu kusan 13. Matsalar ita ce wurin. Sai kin cire ɗankwali a gaban maza takwas da ke musu a kan Arsenal, kuma musun zai tsaya cak. Mai askin zai yayyafa wa bakin kilifa sifirit, ya ƙyasta mata wuta, ya hure, ya ɗaura miki ƙyalle a wuya yana ce miki "Oga" saboda sabo. Hannunsa kuma ya saba da hanya: in kika ɗauke ido, zai ɗauko reza ya yi miki gyaran fuska, ya fitar miki da goshi mai kusurwa huɗu. Wajibi ne kuma a tambaya tun farko ko kilifar mai caji ce, domin in aka ɗauke wuta an yi rabin kai, babu mai kitson da za ta karɓi sauran.

Shi ya sa masu dabara suke sayen tasu kilifar, su kira mai askin gida, ko su damƙa wa ƙane mai natsuwa, in akwai shi.

A birnin New York, Lorraine Massey, wadda ta fitar da littafi a kan irin wannan gashi a 2001, ta yi suna da yanka shi a bushe, murɗa bayan murɗa, yadda zai zauna a kai. Daga nan aka samu jarrabawar da za ki yi wa kowa kafin ki zauna: "A jiƙe kike yankawa ko a bushe?" In ta ce a bushe, ki nemi hoton kan da ta taɓa yi, ba na kalandar bango ba. In ta ce sai an fara saka rilaksa ya yi laushi, ki yi mata sai anjima.

Gashi yana ƙaruwa da kimanin santimita ɗaya a wata, saboda haka kuskuren santimita shida zai ci wata shida a ƙarƙashin ɗankwali. In dai kin zaɓi mai aski, ki ce masa lamba huɗu, ki maimaita, sannan ki karɓi sauran lambobin ki riƙe a hannunki har ya gama.